Dakta da Shuɗin Kwano

A faɗarsa, ba a haifi fuskar da Dakta zai kalla sau biyu ba. Kallo ɗaya ya ishe shi ya gaya maka fatarka mai maiƙo ce ko busasshiya, ƙurajenka na zafi ne ko na kwaɗayi, har da shekarar da tamoji zai fito maka a goshi. Haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya a ƙofar shagon gyaran fuska na matarsa, yana kakkaɓe farar rigar da ya ara wurin wani mai kemis bai mayar ba.

Matan da ke aiki a shagon ne suka laƙa masa Dakta don tsokana. Shi kuwa ya ɗauka girma ne, har ya sa tela ya rubuta masa a bakin aljihu. Ya taɓa duban wata mata ya ce ƙyasbi ya cinye mata kunci, a yi gaggawa. Ashe ƙurar alli ce, malamar makaranta ce. Wani mutum kuma ya haɗa shi da man kare zafin rana, ya ce kada ya kuskura ya fita aiki bai shafa ba. Mutumin mai gadin dare ne.

Aikinsa na gaskiya ɗaya ne, buɗe shago da safe kafin kowa ya iso. A nan asirinsa yake. A saman firji akwai fararen kwanonin haɗin da matar tasa, Madam, ke kwaɓa wa fuskoki, waɗanda ko ƙuda ya lasa sai ta gane. A can ƙasa kuwa, bayan gorunan ruwa, akwai wani shuɗin kwano mai murfi da ba ta taɓa leƙawa. Wata safiya ya tsoma yatsa ya kai baki. Daga ranar ya daina karyawa a gida.

Abin ba a magana. Yau ya fito rawaya, gobe kore-kore, jibi duka biyun a cakuɗe, da ɗan gishiri-gishiri da wani ƙamshi kamar na hoda. Dakta ya yanke a ransa cewa wannan ne haɗin manya, wanda Madam ke ɓoye wa masu hannu da shuni. Yakan sharɓe shi a tsaye, ya suɗe cokalin, ya rufe kwanon ya mayar. Da yamma kwanon ya sake cika da kansa, kamar rijiya.

Ba wanda ya yi cigiya. Mai sayar da furanni na maƙwabta ne kawai ya daina gaishe su, yana zaune cikin shukokinsa da suka yi yaushi, yana gunagunin mutane sun iya alkawari ba su iya cikawa.

Ana nan Madam ta kama shago na biyu a wata unguwa. Ƙaninta yana son makullin, Dakta ma yana so. Ya bi ta ɗaki, ya bi ta kicin, yana tuna mata da iliminsa. Da ta gaji ta ce ta ji. Ranar da shago ya fi cika za ta kwaɓa haɗi a gaban jama'a. In ya faɗi abin da ke ciki kaf, makulli nasa ne, in ya kuskure ko ɗaya, na ƙaninta ne, kuma farar riga ta koma wurin mai ita.

Ranar ta zo. Kujeru sun cika. Matar alƙali tana kwance a kujerar tsakiya, fuskarta damɓare da haɗi, kokwamba a idanu, tana gumi saboda fankar ta tsaya. Ƙanin Madam ya jingina da ƙofa yana murmushin mugunta. Har mai furanni ya leƙo ta taga.

Aka miƙa wa Dakta farin kwano. Ya ɗaga shi sama ya duba a haske. Ya shinshina. Ya murza tsakanin yatsu kamar mai sayen atamfa. Ba abin da ya zo masa. Ƙanin Madam ya fara miƙo hannu a ba shi makullin.

Sai Dakta ya lasa.

Nan take harshensa ya gane gida. Ya rufe ido ya shiga jerowa: zuma, yogot, ayaba wadda ta nuna sosai, kurkum kaɗan, garin shinkafa, man zaitun, da lemun tsami wanda bai wuce ɗigo ba. Shago ya ɗauki tafi. Murmushin ƙanin Madam ya bushe. Madam ta daɗe tana kallon mijinta kamar yau aka kawo mata shi, sannan ta ciro makullin daga jaka.

Da ya karɓa ya yi shiru, da an tashi lafiya. Amma tafin ya hau masa kai. Ya sake lasa, ya yamutsa fuska irin ta masana.

"Sai dai gaskiya, uwargida, hannunki ya ja baya. Wannan bai kama ƙafar na shuɗin kwano ba. Babu gishirin nan, babu ƙamshin nan. Ni da nake shanye shi kullum da safe ai na sani."

Tafin ya mutu. Mai wankin kai ta toshe baki da tawul ta fita da gudu. Mai furanni ya dafe taga yana salati. Madam ta zare makullin daga hannun Dakta a hankali, ta miƙa wa ƙaninta.

"Maigida, shuɗin kwano na abin da muke kankarewa daga fuskokin mutane ne, muna tara wa mai furanni ya yi taki," in ji ta, ta nuna goshin matar alƙali da bakin cokali. "Gishirin da kake nema kuwa, ga shi can yana tsattsafowa."