Shekarar da Goɗiyoyi Suka Yi Ɓari

Ke da ko akuya ba ki taɓa ɗaurewa ba, ina ruwanki da ɓarin doki? Tambaya sai ka ce alƙali. To, ku rufe min baki ku ji.

Wani mai kiwon dawaki yana da goɗiyoyi huɗu, dukansu da ciki. Ƙanensa ke kula da barga. Matar maigidan ke jan ruwa a rijiya, mace ce da ko ƙwayar hatsi ta faɗi sai ta tsince.

Sai maigidan ya sayo dukushi mai ɗan tari da majina. Ya ce wa ƙanen, "Turkensa daban, bokitinsa daban." Ƙanen ya kiyaye. Dukushin ba ya shan kirki, kullum sai ya bar rabin bokiti. Kwana goma ya warke, kowa ya manta.

Bayan wata biyu, jar goɗiyar ta yi ɓari tana tsaye, cikinta na wata tara. Ba zazzaɓi, ba nishi. Ɗan ya faɗo da gashinsa da kofatonsa, ba rai. Kafin sati uku sauran ukun suka bi. Ta ƙarshen wuni ta yi tana lasar nata, ta hana a ɗauke.

Likitan dabbobi ya ce murar dukushin ce. Cutar ta hanci take shiga, ta bi jini ta lalata jijiyoyin mahaifa, uwa na cin ciyawarta lafiya, ɗa na mutuwa a ciki. Ya ce, "Wani ya haɗa musu ruwa ko mazubi."

Maigidan ya juya ya kalli ƙanensa.

"Yaya, wallahi ban haɗa ba."

"To aljanu suka haɗa? Kwashe kayanka."

Matar ce ta ɗaure masa kayan, ta raka shi bakin ƙofa. Ya ce, "Matar yaya, ke dai kin san ni." Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Bai sake taka gidan ba. Ko rasuwar wansa, saƙo ya aiko.

Rijiyar nan gaba goma sha biyu ce. Wanda ya ja ruwa daga cikinta ba ya iya kallon rabin bokiti ya bi ƙasa. Kullum da safe ni nake juye ragowar ruwan dukushin a kwamin goɗiyoyin, kuma har aka binne kakanku ban faɗa masa ba.

Me kuke kallo? Ku tashi ku kwanta.