Allura a Gonar Kaka

Da la'asar ne, wake yana cikin fure, ina gonar kakata a bakin fadamar Gatawa. Malam-buɗe-littafi sun cika wurin: farare, rawaya, da jajaye masu ɗigon baƙi da ke kwana jikin tumfafiya. Wasu sun taru a danshin laka suna shan ruwa. Kaka ba ta bari mu kama su. Takan ce, "Su ka ɗaura ma hure aure, in babu su ba mu ganin ɗiyan wake."

Sai ga wani Bature da tafintansa, riƙe da raga mai dogon sanda. Bai yi sallama ba. Ya faɗa cikin waken da takalmansa, yana gudu yana kai wa malam-buɗe-littafi duka da ragar, yana tattake abin da za mu ci da rani. Tafinta ya daka wa Kaka tsawa ta duƙa wa Baturen. Ta duƙa, a gonarta.

A gabana Baturen ya soka wa wani rawaya da ya kama allura a baya, ya kafe shi cikin akwati. Fukafukan ba su daina motsi ba.

Kaka ta ce wa tafinta, "Yaro, tambaye shi, mi sunka ci nashi? Mu kuma mi munka yi mashi?"

Tafinta ya juya ya yi Turanci. Baturen ya yi murmushi, ya ce, "Madalla, na gode, tsohuwa."

Yau na fi Kaka tsufa, amma wannan godiyar har yanzu tana tafasa mini zuciya.