Tafin Malam Ilu

Hannun ƙarfen da ke ɗinke buhunan shinkafa ya ƙi tashi da safe. Kubura, mai gyaran injinan masana'antar, ta duba fis, ta ƙara ɗaure wayoyin akwatin da ke sarrafa shi, ta kashe ta kunna. Jar fitilar na nan. Can sai allon ya rubuta: ana jiran tafin Ilu.

Doka ce yanzu, injin da ya karɓe aikin mutum ba ya tashi sai mutumin ya ɗora masa tafin hannu. Malam Ilu kuwa, wanda wannan injin ya karɓe aikinsa, jiya aka kai shi makwancinsa.

"Na matarsa zai yi," in ji manaja. "Ɗauki faifan ɗora tafin ki je."

Da ta isa gidan Malam Ilu, ta tarar da tsakar gida cike da mata. Ta durƙusa gaban Inna Dije, matar marigayin.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Ana cikin addu'a faifan ya fara ƙara a jakarta. Kubura ta danne jakar da gwiwa, ta kasa ɗago kai.

Inna Dije ta goge hannu da gefen zani, ta miƙo.

"Fito da shi, 'yar nan. Ko yana gadon asibiti ai kun zo."