Guntun Zane na Sha Uku

Tun kafin bas ta bar harabar jami'a Dakta ya karɓe makirufo daga hannun direba, kuma bai mayar ba.

Shekara bakwai yana rubutu game da duwatsun da za su je gani yau. Manya ne, tsaitsaye a da'ira, mutanen da can ne suka kafa su, ba wanda ya san ko su waye. Wannan kowa ya yarda. Abin da Dakta ya gano shi kaɗai wasu zane-zane ne a jikin wani kwantaccen dutse daga gefe: dogaye goma sha biyu, da guntu ɗaya. Kalanda ce, in ji shi, ta farko a duk tarihin yankin. Yau Farfesa, shugaban sashensu, zai gani da idonsa. In ya gamsu, ya sa hannu a takardar ƙarin girma. In bai gamsu ba, Dakta ya ci gaba da zama a ofishin da ke jikin banɗaki, inda yake tun yana da gashi a kai.

Komai ya tsara, ban da surukarsa. Matarsa ce ta nace, wai tsohuwa ta gaji da zaman ɗaki, ga kuma kujera ba kowa. Shekara ashirin da auren, Dakta bai taɓa tambayar tsohuwar komai ba in ka cire ina kwana. Ya dai san ubanta mahauci ne, kuma bai ga dalilin da za a ji wannan a motar da ke cike da masu digiri ba. Can baya ya zaunar da ita, kusa da kwandon lemo.

"Inna, don Allah yau kallo kawai za ki yi. Harka ce ta ilimi."

"To, Dakta. Na ɗinke baki."

Ɗinkin ya warware sau biyu a hanya. Na farko a wata mararraba, da ta ɗaga murya ta ce wa direba ya bi dama, hagu akwai kwazazzabo. Dakta ya ɗaga taswira ya ce hagu. Aka bi hagu, aka gaisa da kwazazzabon, aka dawo da baya da baya. Dakta ya yi wa Farfesa bayani mai tsawo a kan sakacin masu zana taswira.

Na biyu kuwa wani ƙaramin malami ne ke ta kokawar ɓare lemo da wuƙa. Tsohuwa ta karɓi wuƙar, ta goga kaifinta a babban yatsa, ta ce, "Ɗan nan, wannan ai cokali ne." Aka yi dariya, har da Farfesa. Dakta bai yi ba. Idonsa na kan hannunta na hagu, inda yatsanta manuni ya guntule a gaɓa ta biyu. Ya daɗe yana ƙin ganin yatsan nan a kan teburin cin abincinsa, balle yau.

Da hantsi aka isa. Ga shinge, ga allo mai bayani, ga mai gadi yana hamma. Masu digiri suka bazu, kowa ya jingina da dutsen shekara dubu yana ɗaukar kansa hoto. Rana ta buɗe sosai, ana ta neman wurin fakewa. Tsohuwa kuwa ko waige ba ta yi ba, ta zagaya bayan dutse na uku ta zauna a inuwa ɗaya tak da ke wurin.

Dakta ya tara jama'a a kan kwantaccen dutsen. Ya yi magana a kan wata da taurari da damina har ƙaramin malamin ya fara lumshe ido a tsaye. Sannan ya zo kan guntun zanen, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, dubi wannan. An fara shi, aka tsaya. Da gangan. Kwanakin da suka yi saura ne bayan wata goma sha biyu. Wanda ya yi wannan ba ƙaramin masani ba ne."

Farfesa ya durƙusa, abin da gwiwoyinsa suka daɗe ba su yi wa kowa ba. Ya shafa, ya gyara tabarau, ya gyaɗa kai sau uku. Ya miƙa hannu, Dakta ya ɗora masa takardar da biro, yana jin iskar sabon ofis tana kaɗa shi. A kan dutsen ma aka shimfiɗa takardar.

Sai ga tsohuwa ta taso daga inuwa tana leƙe. Farfesa mutum ne mai girmama manya in ana kallo.

"Mama, ke fa me kika gani?"

"An ce in yi shiru."

Dakta ya yi murmushin wanda ya riga ya ci. "Faɗi mana, Inna. Ilimi ai na kowa ne."

Ta sunkuya a hankali, ta ture gefen takardar, ta ɗora guntun yatsanta a cikin guntun zanen.

"Rumfar babanmu can take, inda kuka kafa allon nan. Nan nake wasa masa wuƙaƙe ina yarinya, in rami ya yi zurfi in matsa gefe. Wannan ɗin ne kawai ban ƙarasa ba, don a ranar ne wuƙa ta cire mini yatsa."