Ƙofar da Ban Yi Wa Sallama Ba

Ni Barau, da na tsira daga ambaliyar da ta ci rabin garinmu, ban taɓa shiga aji ba, ban kuma taɓa cin sisin wani ba. Amma yau in na ɗora tafin hannuna a na'ura, ja yake nunawa, alamar bashi.

Da zan bar gidan haya, na sha hannu da mai gida a gaban liman, muka yafi juna. Ashe yanzu ƙofa ake yi wa sallama, da tafin hannu. Mai gida ya rantse na biya, ƙofa ta ce ba ta ji ba, tana ta ƙirga mini bashi.

Gobe sunan jikana a Gumel. A tasha na ɗora hannu, mota ta ƙi buɗewa.

Sai ga Tanko, matsoracin nan da na goya cikin ruwan ambaliyar yana kuka. Ya ɗora nasa: kore shar. Ya juyo ya dube ni.

"Barau, shigo a matsayin kayana."

"Ni? Kayanka?"

"To zauna. In na je, sunana za a sa wa yaron."

Na shiga. Mota ta ɗaga murya kowa na ji: "Fasinja ɗaya, kaya ɗaya."