Tukwanen Bayan Ɗaki

Suna buga ƙusa ta ƙarshe a kwanon rufi tsohuwa mai gidan ta dawo daga gona. Matasan cocin da suka zo aikin sa-kai daga Zuru suka jeru, za a ɗauki hoto.

"Kaka, mun gyara maki ko'ina," in ji shugabansu. "Har tsoffin tukwanen bayan ɗaki mun farfasa, mun cike bakin ƙofarki da su, mun shafe da siminti."

Ta zagaya baya, ta iske fili fes. Da hannunta ta gina tukwanen nan, ta kafa bisa kabarin mijinta, yadda iyaye suka yi.

Ta dawo bakin ƙofa ta tsaya, ta kasa takawa.

"Kaka, yi murmushi mana," in ji mai hoto.