Gonar da Ake Nuna wa Baƙo

Malam Haladu, ajiye jakar nan ka zauna. An ce mini ka rantse ba za ka ɗora bincikenka a rumbun intanet ɗin da makarantarmu ta shiga ba, wai kada a sace maka guminka. Kai da kwamfutar nan taka, sai ka ce kaza da ƙwanta! To, bari in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wata malamar aikin gona a wata kwaleji, ba zan kama suna ba. Shekara biyar tana zagaya ƙauyuka tara, tana neman irin geron da zai jure wa wuta-wuta, ciyawar nan mai kyan fure da mugun hali, wadda ke shanye gero tun daga saiwa. Iri huɗu ta raba wa manoma, amma na biyu ne ɗan gaban goshinta, ko ranar rabo shi ta fi yabo. Ta auna, ta rubuta, ta ɗauki hotuna har dubu talatin, ta tara a tsohuwar kwamfutarta, ko abokan ofis ba ta yarda su leƙa. Bayan girbi na biyar ta tsaya gaban sarkin noma da dattawa, ta yi alkawarin kafin ruwan shuka ya sauka za ta faɗa musu irin da za su riƙe. Mutanen nan kuwa shekara biyu ke nan hatsinsu yana ƙarewa tun kafin damina ta yi nisa. Suka ce abin da ta faɗa, shi za su zuba a rami.

Ashe faɗa ta fi cikawa sauƙi. Ta sa kwamfuta lissafi, kwamfuta ta yi zafi kamar tanda ta mutu. Ta sake kunnawa, aka ɗauke wuta. Mako uku ana wannan fama, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ba don ranta ya so ba, ta kwashe komai ta ɗora a irin wannan rumbu da kake gudu, inda manyan kwamfutoci na can nesa ke yi wa malamai lissafi, kuma duk malamin da aka buɗe wa ƙofa yana iya duba aikin ɗan'uwansa. Abin da ya gagare ta mako uku, tsakanin azahar da la'asar aka gama shi. Sakamako ya nuna iri na biyu. Ta yi hamdala, ta fara shirin tafiya ƙauye.

Kashegari sai ga saƙo daga wani malami a wata jami'a mai nisa. Bai taɓa ganinta ba, amma ɗan manoma ne, da fartanya a kafaɗa ya tashi. Ya bi wasu daga cikin hotunanta ɗaya bayan ɗaya, ya lura kusan duk hoton iri na biyu da ya gani akwai danga ko rumbu ko turken awaki a bayansa. Ya rubuto mata: "Malama, gonakin bayan gida aka nuna miki, masu taki. Ki tambaye su na daji. Manomi ba ya kai baƙo gonar da za ta ba shi kunya."

Wallahi da farko haushi ta ji, ta ce wannan shishigi ne. Amma ta danne zuciyarta ta hau mota ta je ta tambayi sarkin noma. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya sosa ƙeya, sannan ya ja ta zuwa gonarsa ta daji, inda iri na biyu ya tsaya bara iya gwiwa, wuta-wuta ta cinye shi ƙurmus. Ya ce: "Ranki ya daɗe, ke kika kawo mana shi, ke kika yabe shi. Da wane ido za mu kai ki inda ya mutu?" Ka ji fa! Kara suka yi mata, karar da ta kusa jefa ƙauye tara cikin yunwa.

Daga nan gindin wata tsamiya ta kira wancan malami a waya. Shi yana da awon gonakin daji na shekara uku a kan waɗannan iri huɗu, ya zuba nasa a rumbun. Wata malama daga makaranta ta uku ta zuba nata na ƙasar jigawa. Kwamfutocin nan suka sake lissafi, sai ga gaskiya ta fito: iri na huɗu ne, gajeren nan mai ƙaramar zangarniya da kowa ya raina. Kwana uku bayan ta sanar da manoma, ruwa ya sauka, aka fita shuka.

Da kaka ta zo, Malam Haladu, sai da aka gina sababbin rumbuna a ƙauye shida. Gonar dajin nan ta sarkin noma dami arba'in ta ba da, ya sa aka loda biyar a amalanke har ƙofar ofishinta, mata suna biye suna guɗa. Ta tsaya tana dariya tana share hawaye don murna. Da aka buga binciken, sunanta ne a sama, na sauran biyun a ƙasa. Ba wanda ya sace mata ko harafi ɗaya.

To, da ta ci gaba da kwanciya a kan ƙwanta kamar yadda kake yi, da wa zai ga turken awakin nan? Tashi ka je ka ɗora aikinka, ka buɗe wa 'yan'uwanka ƙofa. Ba banza ba Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.